Cokalin Yuriya da Ke Ƙarasa Bonsai Mai Ciwo

Tun farkon damina wani saƙo ke yawo a rukunonin WhatsApp na masu sayar da shuke-shuke da masu sha'awar ƙawata gida. An tura, an sake turawa, har ba a san bakin wanda ya fara ba. Wai sirrin rainon bonsai yake tonawa, wato ƙananan itatuwan nan da ake rainawa a kasko, musamman dangin ɓaure da masana ke kira Ficus: benjamina da microcarpa da ake jerawa a bakin titi a Abuja da Kaduna da Kano, da kuma na gida irin su ceɗiya da durumi da gamji.

Akwai abu biyu na gaskiya a ciki. Dangin ɓaure ba sa son sanyi, kuma farin ruwan da ke fita idan an yanke reshe yana sa wasu ƙaiƙayi, bai kamata ya taɓa ido ba. Zancen cewa bonsai yana da iri na musamman da ba ya girma kuwa ƙarya ce. Itace ne kamar kowane, aski na rassa da saiwoyi da ƙuncin kasko ne ke riƙe shi, sana'ar da ta faro a ƙasar Sin, mutanen Japan suka ƙware a kai. Ruwan sukari da saƙon ya ce a riƙa zubawa, tururuwa kawai zai tara.

Inda saƙon ya yi ɓarna shi ne layin da ya ce idan ganye ya yi rawaya ya fara zuba, yunwa ce, a zuba cokalin cin abinci guda na yuriya a gindi, a bi da ruwa. Wanda ya rubuta wannan ko dai bai taɓa ciro itace daga kasko ya duba saiwa ba, ko bai damu da abin da zai biyo baya ba. Waɗanda suka gaskata kuwa ba su yi wauta ba. Duk wanda ya taso a gidan noma ya ga masarar da ta yi rawaya ta koma kore shar bayan an sa mata yuriya, to me zai hana ya ɗauka haka abin yake a kasko?

A yi lissafi. Yuriya tana da naitirojin kashi 46 cikin ɗari. A tsarin sa taki kaɗan-kaɗan da cibiyar ICRISAT ta gwada da manoman gero a Nijar, abin da ake sa wa rami guda shi ne cikin murfin kwalba, kimanin gram 6 na NPK 15-15-15, a buɗaɗɗiyar gona da saiwa ke da wurin gudu. Cikakken cokalin yuriya ya haura gram 10, naitirojin ɗinsa ya ninka na murfin kwalban nan sau biyar, ga shi za a juye shi cikin ƙasar da ba ta kai mudu ba. Takin zamani gishiri ne a yadda yake aiki. Idan ya yi yawa a ruwan da ke kewaye da saiwa, sai ya janyo ruwa daga cikinta, kamar yadda gishiri ke tsotse yankakken tumatir. Ga kuma amoniya da yuriya ke saki tana ƙona ƙananan saiwoyi. Cikin 'yan kwanaki bakin ganye ya ƙone, itacen ya yi yaushi alhali ƙasarsa jiƙe take, mai shi ya ƙara ruwa, abin ya ƙara lalacewa.

Ga shi kuma yawanci ba yunwa ce ta fara zubar da ganyen ba. Benjamina ta shahara da zubar da ganye idan an canza mata wuri, ko haske ya ragu, ko iskar na'urar sanyaya ɗaki tana dukanta. Irin wannan yakan wuce da kansa, sabon toho ya fito. Mafi muni shi ne ruɓewar saiwa. A ciro itacen a duba: saiwa mai lafiya fara ce ko ruwan ƙasa mai haske, da ƙwari. Wadda ta ruɓe ta yi baƙi, tana saɓulewa a tsakanin yatsu, tana warin kwata. Saiwar da ta kai haka ba ta iya shan ruwa, balle taki.

Tushen ruɓewar a ƙasar yake. Masu sayarwa da yawa suna cika kasko da baƙar ƙasar fadama saboda araha da kyan gani, ita kuwa da an ba ta ruwa sai ta cure ta hana iska shiga. Duk wanda ya lura da yadda ceɗiya ko gamji ke tsira a jikin giginya ko a tsagar tsohuwar katanga, inda tsuntsu ya yar da iri, ya san saiwar waɗannan itatuwa ta saba da iska. Shi ya sa masu bonsai ke amfani da ƙasa mai ƙwaya-ƙwaya, girman milimita 2 zuwa 6, wadda ruwa ke ratsawa nan take ya fita ta hujin ƙasa. Haɗin da ya yaɗu a duniya shi ne akadama, wata jar laka mai ƙwaya da ake haƙowa a yankin Kanto na Japan, da duwatsun aman wuta masu huji-huji.

Saƙon ya ce in babu akadama bonsai ba zai rayu ba. Wannan maganar 'yan kasuwa ce. Dakakken jan bulo da aka gasa, ko tsingaron tukunyar ƙasa, da tsakuwar rafi, da ɗan gawayi, da ruɓaɓɓen ɓawon itace don riƙe laima, duk suna yi, muddin an tankaɗe ƙurar da rariya an zubar. Wanda ke kusa da Filato kuma yana neman duwatsu masu huji-huji, yana da tsaunukan aman wuta na Kerang da Panyam a ƙaramar hukumar Mangu. A zafin Maris da Afrilu irin wannan haɗi yana bushewa da wuri, don haka a ƙara ɓawon itace, a kuma duba laima safe da yamma.

Wanda ya riga ya zuba yuriyar, ya kwashe abin da bai narke ba, ya kwarara ruwa mai yawa har ya yi ta fita ta ƙasan kaskon. Idan saiwa ta ruɓe, a datse ruɓaɓɓen da almakashi mai tsabta, a sake dashe a sabon haɗi, a ajiye a inuwa mai haske, kuma kada taki ya kusance shi sai bayan kamar wata guda, lokacin da sabon ganye ya nuna saiwa ta kama.

Itace mai lafiya kam yana buƙatar ci, domin ƙasa mai ƙwaya ba ta riƙe abinci. Takin ruwa a rabin ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalba, duk mako biyu a lokacin toho, a kan ƙasa mai laima, ya wadatar. A Japan suna ɗora 'yan dunƙulen tunkuzar irin mai a saman ƙasa, ta riƙa narkewa a hankali. Tunkuzar gyaɗa marar gishiri tana iya wannan aikin, sai dai ɓera da kiyashi suna sonta. Masu bonsai sun rabu kan ko na gargajiya ko na zamani ya fi, kuma kowane ɓangare yana da itatuwa masu kyau da zai nuna. Idan hunturu ya shigo toho ya ja baya, sai a rage takin zuwa sau ɗaya a wata ko a dakata.