Daga Ogsbog Zuwa Iyakar Zuru: Takardun Aƙidar da Suka Raba Majami'u

Matafiyin da ya bar Gummi ko Bukkuyum ya nufi kudu, da zarar ya shiga ƙasar Zuru zai fara ganin allunan majami'u da sunaye iri-iri, wannan UMCA, wancan ECWA, can kuma Baftis ko Angilika. Musulmi da yawa na ɗaukar bambancin a matsayin na shugabanci kawai. Amma tushensa wasu takardun aƙida ne da aka rubuta a Turai kusan shekara 500 da suka wuce. Duk almajirin da ya karanta babin farko na Risala ko Ummul Barahin ta Sanusi ya san irin wannan rubutu, wato a taƙaita abin da aka yi imani da shi a jere. Sai dai takardun Furotesta ba a zauren karatu aka haife su ba. Amsa ce ga masu mulki a lokacin da kuskuren kalma ke iya jawo kisa, kuma wannan ne ya sa suke da kaifi.

Mafi shahara ita ce ta Ogsbog, a Jamus. Sarkin sarakuna Charles na Biyar yana cikin damuwa, domin dakarun Daular Usmaniyya sun kewaye Biyana a 1529, ga shi talakawansa sun rabu kan wa'azin Martin Luther. Sai ya kira taro ya ce kowa ya faɗi inda ya tsaya. Luther bai halarta ba saboda hukuncin da ke kansa, abokinsa Philip Melanchthon ne ya rubuta takardar mai sassa 28, aka karanta ta gaban sarki ranar 25 ga Yunin 1530. Sassa 21 na koyarwa ne, 7 kuma na al'adun da suka ce sun gyara, kamar hana limamai aure. Zuciyarta sashe na huɗu ne, inda aka ce mutum yana samun karɓuwa wurin Allah ta alheri da bangaskiya ga Almasihu, ayyukansa ba su saya masa ceto. Melanchthon ya sassauta harshe ga Katolika iyakar iyawarsa, don burinsa ya nuna wa sarki cewa mutanensa ba 'yan tawaye ba ne.

Wanda ke wanke kansa a fada kuwa, sai ya nuna wani ya ce ga mai laifin can. Waɗanda aka nuna su ne masu sake baftisma, da suka riga suka rubuta tasu takardar mai sassa 7 a ƙauyen Shilaithaim a 1527. Sun ce ba a yi wa jariri baftisma sai wanda ya tuba da hankalinsa, kuma mai bi ba ya rantsuwa, ba ya ɗaukar takobi, ba ya riƙe sarauta. A zamanin da baftismar jariri ke zaman rajistar ɗan ƙasa, wannan magana tawaye ce. An ƙone jagoransu Michael Sattler a wannan shekarar, takardar Ogsbog kuma ta la'ance su a fili a sashe na 9 da na 16. Su ma manyan ba su daidaita ba, domin a Marbog a 1529 Luther da Zwingli, wani jagoran Furotesta, sun yarda kan batutuwa 14 cikin 15, suka watse kan ko jikin Almasihu yana cikin gurasar Jibin Ubangiji.

Wani zai ce ai mutanen nan da'awarsu ita ce Littafi Mai Tsarki kaɗai, to me ya kawo wasu takardu? Tambayar tana da nauyi, kuma akwai masu riƙe da ita har yau, irin su Ekklisiyar 'Yan'uwa da aka dasa a Garkiɗa a 1923, wadda ba ta da wata takardar aƙida sai Sabon Alkawari. Marubutan ƙarni na 16 sun amsa cewa takardunsu suna ƙarƙashin Littafi, ana iya gwada su da shi. A aikace dai abin bai tsaya nan ba. Bayan sulhun Ogsbog na 1555, aƙidar sarki ta zama aƙidar talakawansa, a Ingila kuma tun 1571 limami sai ya sa hannu kan Sassa 39 na aƙidar Angilika kafin ya riƙe muƙami.

Wani kuma zai ce wannan rikicin Turawa ne, bai shafi Zamfara ba. Rabin maganar gaskiya ce. Mishan ɗin SIM, wanda aka kafa a 1893 ya kuma haifi ECWA a 1954, ya tara ma'aikata daga ɗariƙu daban-daban, saboda haka gajeriyar aƙida ya zo da ita. Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 ya zama na kowa. La'anar juna ba ta ƙetaro teku da ƙarfinta ba. Amma tambayar baftisma ta ƙetaro lafiya lau. Masu mishan da suka buɗe aiki a Zuru cikin shekarun 1920, waɗanda aikinsu ya zama UMCA, sun fito ne daga reshen Menonawa, wato jikokin mutanen Shilaithaim, shi ya sa sai wanda ya mallaki hankalinsa suke nitsarwa a ruwa. Angilika na Wusasa da Gusau kuwa suna yi wa jarirai, haka ma Luteran na Numan, inda Niels Brønnum ɗan Denmak ya sauka a 1913.

A 2010, a Situtgat, Tarayyar Luteran ta Duniya ta nemi gafarar Menonawa kan zaluncin da aka yi wa kakanninsu, amma ba ta goge sassan la'anar daga takardar Ogsbog ba, ba ta kuma sauya koyarwarta kan baftismar jarirai ba. A 2017 tarayyar ta zaɓi Akbishop Musa Panti Filibus na Cocin Luteran ta Almasihu a Nijeriya ya shugabance ta.