Ramar da Wasu Magungunan Farfaɗiya Ke Haifarwa: Waiwaye Daga Birnin Katsina

Gabatarwa

Farfaɗiya cuta ce ta ƙwaƙwalwa wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana damun kimanin mutum miliyan 50, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari za su iya rabuwa da faɗuwa idan suka sami magani daidai. Sai dai kowane magani da irin illarsa. Wannan maƙala ta dubi ɗaya daga ciki, wato rama, da yadda fahimtarta za ta hana majinyaci yin watsi da maganinsa.

Magungunan da Abin Ya Shafa

Ba duk maganin farfaɗiya ke ramarwa ba. Waɗanda aka fi sabawa da su a Nijeriya, irin su valproate da carbamazepine, sun fi karkata ga sa ƙiba. Waɗanda aka sani da ramarwa su ne topiramate, wanda Amurka ta amince da shi a 1996, da zonisamide, wanda aka fara amfani da shi a Japan a 1989. Tasirin topiramate ya kai ga a 2012 aka haɗa shi da phentermine domin maganin ƙiba.

Babbar hanyar ramar ita ce dakushewar sha'awar abinci. Majinyaci kan ƙoshi da 'yar loma, ɗanɗanon bakinsa ya sauya, har lemon kwalba ya zame masa lami. Ramar ta fi bayyana a watannin farko, kuma tana ƙaruwa gwargwadon yawan abin da ake sha.

Yadda Lamarin Yake a Katsina

A al'adar Bahaushe, cikar jiki alama ce ta lafiya da kwanciyar hankali. Da zarar mutum ya zube, sai zato ya tafi ga tarin fuka ko ciwon suga ko ƙanjamau, wasu ma su ce sammu ne. Mai farfaɗiya kuwa dama yana fama da tsangwama, domin har yau akwai masu danganta cutar da iskoki. Idan rama ta haɗu da wannan, dangi kan ce maganin asibiti ne ke cin jikinsa, su sa ya daina. Nan haɗarin yake: yanke magani farat ɗaya na iya jawo faɗuwa mai tsawo wadda ta wuce minti biyar, har ta kai ga rasa rai.

Yanayin gari ma yana da nasa tasiri. Magungunan biyu suna rage zufa, musamman ga yara, suna kuma iya haifar da tsakuwar ƙoda. A bazarar Katsina, lokacin da zafi kan kai digiri 40, ƙarancin shan ruwa yana ƙara wannan barazana. Haka nan, yaron da dama ke dab da tamowa ba shi da jikin da zai rasa.

Abin da Ya Kamata

Ya dace a auna nauyin majinyaci kafin fara magani, sannan a riƙa maimaitawa a kowace ziyara. Raguwar da ta wuce kashi 5 cikin ɗari a wata shida tana buƙatar komawa ga likita, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko a Babban Asibitin garin. Likita ne zai tantance ko maganin ne sanadi ko wata cuta ce daban, ya rage shi sannu a hankali ko ya musanya shi. A gida kuma, a riƙa ba majinyaci abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, kamar fura da nono, kunun gyaɗa, wake da ƙwai, tare da wadataccen ruwa. Mai niyyar azumi da mace mai shirin ɗaukar ciki su nemi shawarar likita tun da wuri, domin topiramate na iya cutar da ɗan tayi.

Kammalawa

Ramar da magani ya kawo tana da mafita, kuma galibi jiki kan dawo idan aka daidaita shi. Abin da ba ya dawowa shi ne ran da aka rasa a wuta ko rijiya sanadiyyar faɗuwar da ta biyo bayan barin magani.