Ciyawar Akintola Ta Kai Gida: A Sare Ta Kafin Ta Yi Fure

Duk ɗan Arewa da ya zauna a Ikko, ko Badun, ko Inugu, ya san ciyawar nan da Yarbawa ke kira Akintola, waɗansu kuma su ce Awolowo. Ita ce mai ganye bibbiyu masu fuskantar juna, wadda in ka murza ganyenta sai ka ji wani wari mai hawa kai. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka abar Kudu ce kurum. To, wanda ya je gida kwanan nan ya bi hanyoyin karkarar Kafanchan, wajen Kagoro da Gidan Waya da Godogodo, ya san zancen ya sake.

Asalinta daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, masana kuwa suna kiranta Chromolaena odorata. A cikin 1937 ne aka shigo da irin itacen malaina daga Silon, watau Siri Lanka ta yau, don a dasa a wajen Inugu, ashe irin ciyawar ya biyo a ciki ba a sani ba. Kafin a sami mulkin kai a 1960 ta riga ta mamaye Gabas, ta kama hanyar Yamma. Yau tana cikin jerin abubuwa 100 masu rai da suka fi ɓarna a ƙasashen da ba nasu ba.

Dalilin da ya sa ta sami wurin zama a kudancin Jihar Kaduna shi ne ruwa. Ba ta jure dogon rani irin na Katsina ko Sakkwato, amma ƙasar Jama'a da Kaura da Jaba tana samun ruwan sama mai yawa. Bakin hanya kuwa nan ne ƙofarta, domin tana son rana da ƙasar da aka tone. Daga Disamba zuwa Janairu take yin fure, daidai lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa, kuma gindi ɗaya yakan zubar da iri dubbai. Irin yana da gashi, iska na ɗaukarsa, yana maƙalewa a tayar mota, da buhu, da tufafi, da jikin shanu.

Ɓarnarta ba kaɗan ba ce. Takan yi tsawon ƙafa shida zuwa goma, ta sarƙe, ta rufe kwana har direba ba ya hango mai babur ko ɗan makaranta. Daga bakin hanya take shiga saura, manomin citta da ya bar gonarsa ta huta ya komo ya tarar da aikin sassabe ya ninka. Tana danne gamba da sauran ciyawar kiwo, ita kuwa shanu ba su cinta, in ma yunwa ta sa suka ci ɗanyen tohonta yakan cuce su. In makiyaya ta ƙuntata, kowa ya san inda shanu ke nufa, ya kuma san abin da ke biyo baya tsakanin manomi da makiyayi. Har ila yau farar nan mai launi-launi mai wari, wadda ke cinye ganyen rogo, tana taruwa a cikinta. Da rani kuma busassun karanta su zama makamashin gobarar daji.

Gaskiya ne tana da ɗan amfani, gama mutanen Kudu kan matsa ruwan ganyenta a sabon rauni don tsai da jini, ganyen da ta zubar kuma yakan zama taki. Amma wannan bai kai ya biya hasarar ba.

An gwada yaƙarta da ƙwari. A shekarun 1970 an saki waɗansu ƙwari masu cin ta a Nijeriya, ba su kama ba a lokacin, ko da yake a Gana an sami nasara da wata tsutsa a shekarun 1990. Saboda haka abin da ke hannunmu shi ne adda da fartanya, da sanin lokaci. Sa wuta ba ya kashe ta, gindin yana nan da rai, ruwan fari na sauka ya toho. Sara bayan ta yi iri kuwa shuka ne. Abin yi shi ne a tuge gindin da damina sa'ad da ƙasa ke da laushi, a sake sarewa a Oktoba ko Nuwamba kafin fure, sa'an nan a bar gamba ta rufe wurin, domin 'ya'yanta ba su tashi a inuwa.

A da akwai leburorin hanya na P.W.D. da na En'e masu share bakin titi mil-mil. Yanzu hanyoyin ƙauye sai jama'a sun taimaki ƙaramar hukuma. Nan ne namu aikin yake, mu mazauna Kudu. Kusan kowane gari yana da ƙungiyar ci gaba a Ikko ko Fatakwal, amma mun saba aika gudummawa a ƙarshen shekara, lokacin da ciyawar ta riga ta yi fure. A taron wata mai zuwa a kawo maganar, a sa ranar aikin gayya, a aika kuɗin adda da abincin matasa tun cikin damina. Direbobin manyan motoci kuma su wanke taya su share bayan mota kafin su ɗauki hanyar gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu dace, amin.