Tsohuwar kyanwar sito: ba kowane magani ba

Jama'a, mai shago a kasuwar Arzeke ta Parakou ko a Djougou kan gaji tsohuwar kyanwa tare da sito, wadda ta yi shekaru tana tsare masara daga ɓeraye. In ta haura shekara 10, tana ramewa, ga yawan shan ruwa da fitsari, sau da yawa ƙoda ce ta gaji. Kar ka ba ta farasitamol, hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Kai kuma makiyayi, maganin kaskar shanunka dafi ne gare ta. Madara ma takan sa ta zawo. Ajiye mata ruwa mai tsabta, jiƙa mata abinci saboda haƙora, sannan likitan dabbobi ya duba ta.