Ciwon kwatangwalo ba hujjar kwanciya ba ne



Bara da damina na faɗi a kan babur tsakanin Ƙaura Namoda da Zurmi, kwatangwalona na dama ya daki ƙasa. Ni da nake buga ƙwallo duk yamma, sai ga ni wata uku a kan katifa. Jiki ya yi nauyi, cinya ta zube, barci ya ƙaurace. Na zaci hutu ne magani. Ashe bayan kwanakin farko, doguwar kwanciya ƙara sandarar da gaɓar take yi.

Kwatangwalo shi ne inda kan ƙashin cinya, mai kama da ƙwallo, ke shiga cikin kwarmin ƙashin ƙugu. Idan kana tafiya, nauyin da ke sauka kansa ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinka. Idan gudu ne, yana iya kai ninki biyar. To ka ga, gudu da tsalle ne matsalar. Motsa jiki kam, yana nan da hanyoyi da yawa.

Amma kafin komai, ka san abin da ya same ka. In ba ka iya taka ƙafar, ko ta gajarce, ko ta juya waje, ko akwai zazzaɓi da kumburi, ka manta da atisaye, ka nufi asibiti a ɗauki hoton ƙashi. Karayar wuyan ƙashin cinya ba ta ɗorin gida ba ce. 'Yan'uwa masu sikila, ku kula sosai: jini kan yanke wa kan ƙashin nan har ya fara mutuwa, ko ba a faɗi ba. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ni hotona ya nuna babu karaya, nama da jijiyoyi ne suka ji rauni, sai likitan fisiyo, wato masu gashin ƙashi, ya ɗora ni kan waɗannan.

Na ɗaya, tafiya a wuri mai baje, ba cikin rairayi ko kunyoyin gona ba. Na fara da minti 10. In kana ɗingishi, riƙe sanda a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen ciwon ba. Ni da farko kunya nake ji, wai matashi da sanda. Daga baya na ga kunyar ba ta warkar da kowa.

Na biyu, keke. Sirdi ke ɗauke nauyinka, gaɓa kuma tana juyawa ba tare da duka ba. Ka ɗaga sirdin, kada gwiwa ta riƙa haura ƙugu.

Na uku, a kan tabarma. Kwanta rigingine, lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa, ka ɗaga ɗuwawu sama, ka ƙirga biyar, ka sauke a hankali. Sau 10. Sannan ka kwanta ta gefen lafiya, ka ɗaga ƙafar ciwon kaɗan tana miƙe. Waɗannan ke ƙarfafa naman da ke riƙe gaɓar.

Na huɗu, zauna-tashi daga kujera mai tsayi. Ban da tsugunno, ban da kujera 'yar tsugunno.

Na biyar, hannuwa da ƙirji. Gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi kilo ɗaya da rabi ce. Kana zaune ma za ka yi gumi.

Wani zai ce, iyo fa? Gaskiya ne, ruwa in ya kai ƙugu yana ɗauke kusan rabin nauyin mutum. Amma ban ce ka faɗa gulbin Gagare ko tafki ba. Akwai tsargiya, akwai santsi, kuma da damina ruwan na da ƙarfi.

Ga ma'aunina: ɗan tsami a nama ba laifi. Amma in zafin ya soke ka kamar allura, ko ya kwana ya wuni bai lafa ba, ka zarce, rage.

Hukumar Lafiya ta Duniya na son babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Minti 30 ke nan, kwana biyar. Ba rana ɗaya za ka kai can ba, ni sai da na yi wata biyu. Andy Murray, ɗan wasan tanis na Birtaniya, an yi masa aikin kwatangwalo a Janairun 2019, a Oktoban shekarar ya ci kofi a Antwerp. Shi yana da likitocinsa, mu muna da tabarma da keke, amma haƙurin ɗaya ne.

Har yau ban koma ƙwallo ba, sai dai ina hawa keke daga gida zuwa Foli in dawo ba ɗingishi. In ka san wani da ke kwance da irin wannan ciwo, tura masa rubutun nan, in da hali ka raka shi tafiyar minti 10 ɗin farko.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.