Rahoton Hidimar Al'umma: Kowa Ya Yi Laifi Ban Da Mai Rubutu

Duk ƙarshen zangon karatu sai an yi layi a shagunan kwamfuta da ke bakin ƙofar manyan makarantunmu. Ɗalibai ne da aka tura hidimar al'umma, ko koyon koyarwa, ko zaman ƙauye irin na masu karatun lafiya, sun dawo an ce kowa ya kawo rahoton abin da ya yi da abin da ya gano game da kansa. Yaron shago yana da rahotannin bara da na bara waccan ajiye a kwamfuta. Ka faɗa masa sunanka da lambarka da garin da aka kai ka, ya goge na wani ya sa naka, ya buga, ya yi masa bango mai sheƙi, ka biya ka kama gabanka. Wani lokaci garin sauri akan manta da sunan ƙauyen a tsakiyar rahoto, sai ka ga mutum ya fara aiki a wani gari ya ƙarasa a wani. Masu logbuk, wato littafin rubuta aikin kullum, kuma suna kan benci da biro uku a hannu, suna cike aikin wata uku a zama ɗaya, suna sauya tawada don a ɗauka rana daban-daban aka rubuta. Yanzu ga ChatGPT ya zo yana rage wa yaron shago ciniki.

Wannan sata ce, kowa ya san sata ce, ba sai na ɓata tawada a kanta ba. Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗalibin da bai saci komai ba. Ya je wurin da gaske, ya sha rana, ya dawo ya rubuta da hannunsa. Amma da ya iso shafin da aka ce ya faɗi inda ya yi ƙarfi da inda ya gaza, sai ya jero: rashin kuɗi, rashin abin hawa, rashin wutar lantarki, rashin haɗin kan mutanen gari, jahilcin mutanen gari. Gwamnati ta yi laifi, makaranta ta yi laifi, dagaci ya yi laifi, har damina ta yi laifi. Shi kaɗai ne ya shiga garin ya fito fes. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana.

Shi wannan nau'in karatu ba baƙo ba ne a wurinmu. A fitar da ɗalibi daga aji, ya yi wa jama'a wani aiki mai amfani, ya kuma koyi abin da allo ba zai koya masa ba. Jami'ar Ibadan ta fara tura ɗaliban likitanci yankin Ibarapa tun 1963. Hukumar ITF ta kafa shirin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki a 1973, a shekarar kuma gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa NYSC, wadda har yau take ware wa masu yi wa ƙasa hidima rana guda a mako don aikin raya al'umma. Masana ilimi irin su David Kolb, wanda ya fitar da littafinsa a 1984, sun daɗe da nuna cewa yin aikin kaɗai ba ya koyarwa: sai mutum ya zauna ya waiwayi abin da ya faru, ya fitar da darasi, ya sake gwadawa. Wannan waiwayen shi ne shafin da ɗalibanmu ke cikawa da laifin wasu.

Ka tambayi ɗalibi dalili, amsar kusan ɗaya ce: "Ai in na rubuta raunina malam zai rage mini maki." Wani ya ce mutum ba ya tona wa kansa asiri. Wannan gurguwar fahimta ta yi wa ɗalibai ɓarnar da ta fi ta yaron shago.

Da farko, wa kake ɓoye wa? Malamin da ya shekara ashirin yana tura ɗalibai ƙauye ya san abin da ke samun ɗan shekara ashirin da biyu ranar da ya fara tsayawa gaban yara tamanin a aji ɗaya. Ya san muryarka ta yi rawa. Ya san darasin da ka shirya na minti arba'in ya ƙare cikin minti goma sha biyar, ka tsaya kana kallon allo. Shi ma an taɓa tura shi. Idan ka kawo masa takarda tana cewa komai ya tafi daidai sai dai babu alli, ɗayan biyu zai fahimta: ko dai ba ka je ba, ko kuwa ka je idonka a rufe. Babu mai kawo maki a cikinsu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Amma bar batun maki, don shi ne ƙaramin abu. A ce ɗalibar kiwon lafiyar al'umma ce aka tura wani ƙauye ta koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari don yaron da ke gudawa. Ta haddace ma'aunin tsaf: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ta tara mata a tsakar gidan mai unguwa, ta yi bayani, rabi Hausa rabi Turanci, ta tambaya ko an gane, aka ce an gane. Bayan kwana uku ta shiga wani gida ta tarar da uwa ta dama abin a kofin silba, da cokalin cin abinci, gishiri ya yi yawa har yaron ya ƙi sha. Me za ta rubuta a rahoto? Hanya mai sauƙi ita ce ta ce matan ƙauye ba sa fahimta. Gaskiyar magana kuwa ita ce matar ba ta taɓa auna komai da lita ba. Da an ce mata ruwan leda biyu, ko an ɗauki kwanon gidanta an nuna mata iya inda ruwan zai tsaya, aka kuma miƙa mata cokali ta haɗa da hannunta a gaban kowa, da ta iya. Ɗalibar da ta rubuta cewa "na yi magana da ma'aunin littafi, ban sa kowa ta gwada a gabana ba, na kuma ɗauki 'mun gane' a matsayin hujja" ta tsira da wani abu da zai bi ta har ta yi ritaya. Wadda ta rubuta "jahilci" za ta sami takardar shaida, a ɗauke ta aiki a ɗakin shan magani, ta shekara talatin tana maimaita kuskuren nan tana zagin marasa lafiya. Gishirin da ya yi yawa a cikin jinjiri mai gudawa kuwa ba abin wasa ba ne, yana iya halaka shi. To wane asiri aka rufa a nan, kuma a kan ran wa?

Akwai kuma mai cewa shi fa ya duba bai ga inda ya gaza ba, kada ya yi wa kansa ƙarya. Wannan ya fi ba ni tsoro. A 1999 wasu masana biyu a Jami'ar Cornell ta Amurka, David Dunning da Justin Kruger, sun yi wa ɗalibai gwaji a nahawu da tunani, sannan suka ce kowa ya kintaci matsayinsa. Waɗanda suka zo a rukunin ƙasa, waɗanda mutum 12 kawai suka fi cikin ɗari, sun ɗauka sun fi wajen mutum 62. Dalilin a fili yake: ilimin da za ka yi aikin da shi, shi ne wanda za ka gane kuskurenka da shi. Wanda bai san ana fara gaida mai gari kafin a tara jama'a ba, ba zai taɓa gane abin da ya sa taronsa ya watse ba. Zai dawo ya rubuta "rashin haɗin kai" da zuciya ɗaya. Don haka jin cewa ka yi ƙoƙari ba shaida ba ne, sau da yawa ma alamar cewa ba ka duba da kyau ba ce.

Masu fakewa da addini su ma su saurara. Gaskiya ne an hana mutum yaɗa zunubin da Allah ya suturta shi a kai. Amma rashin iya riƙe aji ba zunubi ba ne, rashin iya magana da tsofaffi ba alfasha ba ce. Yi wa kai hisabi kuwa tsohon darasi ne a wurin malamanmu. Harisu al-Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a shekara ta 243 bayan hijira, laƙabin nasa ma daga yawan yi wa kansa hisabi ya samo shi. Imamu Gazali ya ware babi guda a Ihya'u kan wannan, inda ya kwatanta shi da yadda ɗan kasuwa ke zama da abokin cinikinsa a yi lissafin riba da faɗuwa. Ko a Kantin Kwari babu mai rufe shago ya rubuta ribar da bai ci ba don littafi ya yi kyau.

Sai wata dabara da ta shigo, ta rauni na ƙarya: "Raunina shi ne ina son aiki fiye da kima." Haba malam! Wannan yabon kai ne ya sa rigar tawali'u. Gara ka bar shafin babu komai.

A ɗaya gefen, wasu kunya ce ke hana su faɗin inda suka yi ƙarfi, wai yabon kai jahilci. Yabo daban, shaida daban. "Ni mai haƙuri ne" yabo ne. "Akwai yaro a aji huɗu da ba ya iya haɗa baƙi, na riƙa zama da shi bayan an tashi, kafin in bar garin yana karanta gajeriyar jimla" shaida ce, kuma kana bukatar saninta don ka san irin aikin da ya dace da kai.

Ban manta ba, akwai malaman da ba sa karanta rahoton, akwai masu duba aiki da ba a ba su kuɗin mota, ɗalibai kuma sun yi yawa. Duk an ji, amma wannan bai sauke wa ɗalibi nasa nauyin ba.

Ga abin da nake so ɗalibi ya yi. Ka sayi ƙaramin littafi na kanka, ban da logbuk ɗin makaranta, ka riƙa rubutu a daren ranar, ko layi biyar ne. Bayan mako biyu ƙwaƙwalwa ta riga ta gyara labarin ta mai da kai gwarzo. Ka fara da abin da ya faru kafin ka yanke hukunci: ƙarfe nawa ka kira taron, mutum nawa suka zo, wa ya tashi a tsakiya, me ka ce kafin ya tashi. Sau da yawa a nan za ka ga cewa ranar kasuwa ka sa taron, ko da hantsi a tsakiyar damina lokacin da kowa yana gona. Daga nan duk matsalar da ka rubuta, ka tambayi kanka wane ɓangare nata ne ke hannunka. Rashin wuta ba naka ba ne. Shirya darasin da ba zai yiwu ba sai da wuta, a garin da ka san babu ita, naka ne.

Kada ka dogara da idonka kaɗai, ka tambayi waɗanda ka yi wa aikin. Sai dai tambayar tana da salo. In ka ce wa hedimasta ko ungozoma "yaya kuka ga aikina?" alkunya za su yi maka, su ce ma sha Allah, Allah ya saka da alheri, ka tashi hannu wofi. Ka ce: "Baba, in za a sake turo wani ɗalibi baɗi, me kuke so ya yi da ni ban yi ba?" Ko ka ce: "Inna, cikin abin da na faɗa jiya, wanne ne ba zai yiwu a gidan nan ba?" Nan za ka ji magana. In an faɗa kuma ka yi shiru ka rubuta, ba wurin kare kai ba ne. Yara sun fi kowa gaskiya: ka ba su aikin da ka koyar su yi ba tare da taimakonka ba, sakamakon shi ne makinka. Idan aikin rukuni kuka yi, ka faɗi wane ne kai a cikinsa, mai laɓewa a bayan wasu ne ko mai ƙwace komai don bai yarda da kowa ba. Dukansu rauni ne, na biyun ma ya fi wuyar ganewa don yana kama da himma.

Wajen rubuta rahoton, rauni ɗaya ko biyu na gaske sun isa, kowanne da abin da ya faru da kuma matakin da za ka ɗauka. "Zan ƙara ƙoƙari" ba mataki ba ne. "Kafin in sake yi wa mata bayanin magani zan gwada shi a gaban wata tsohuwa a gidanmu, in ta kasa maimaitawa in sake salo" mataki ne. Asirin da ya wajaba ka rufa shi ne na mutanen: kada ka sa sunan mara lafiya, kada ka ɗauki hoton yaran mutane ko cikin gidajensu ka watsa a Facebook don a ce kana taimako. In kuma wani abu ka gina ko ka dasa, ka nemi labarinsa bayan wata shida. Garuruwanmu cike suke da allunan 'yan hidimar ƙasa masu ɗauke da suna da lamba, a gefen bishiyoyin da awaki suka cinye tun kafin mai sunan ya isa gida.

Ku kuma malamai, kuna iya kashe kasuwar yaron shago cikin zango ɗaya. Ku faɗa wa ɗalibai tun kafin su tafi cewa akwai maki na musamman ga wanda ya kawo kuskurensa na gaske da yadda zai gyara, kuma rahoton da babu laifin mai shi a ciki za a mayar masa. Ranar karɓa ku tsayar da kowa minti biyu, ku tambaye shi sunan mai unguwar da ya yi aiki a wurinsa da ranar da ta fi ba shi wuya.