Zanen Yatsan Bayanai: Yadda Ake Auna Ingancin Bayanin Kayan Aikin Na'ura

Masana ilimin halittu sun daɗe da sanin cewa suna kaɗai ba ya isa a gane tsiro. Shi ya sa a littafin da Linnaeus ya wallafa a 1753 kowane sunan tsiro yake tafe da bayanin siffofinsa, don kada mai bincike ya ɗauki wani a madadin wani. Wannan ƙa'ida ta sake bayyana a fannin kwamfuta, musamman wajen wakilan ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin da ake ba su aiki su zaɓi kayan aikin da za su yi shi da kansu.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan kayan aiki shi ne na hash. Aikinsa shi ne ya karɓi rubutu ko fayil, komai tsawonsa, ya fitar da gajeren jerin alamomi mai tsayi ɗaya a kullum, kamar zanen yatsan ɗan Adam. Dabarar SHA-256, wadda aka fitar a Amurka a 2001, tana ba da alamomi 64. Idan aka sauya harafi ɗaya tak, misali aka rubuta "kafa" a maimakon "ƙafa", sai jerin ya canza gaba ɗaya. Da haka ake gane ko an taɓa fayil a hanya. Sannan babu mabuɗin da zai mayar da jerin ya koma rubutun asali.

Wakilin na'ura ba ya leƙa cikin kayan aikin kafin ya zaɓe shi. A tsarin MCP da kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamba na 2024, abin da ake miƙa masa shi ne sunan kayan, da bayaninsa, da jerin abubuwan da yake karɓa. To, idan bayanin ya tsaya ga "yana yin hash na rubutu", sauran sai wakilin ya cika da zato.

Saboda haka masu auna ingancin bayani sukan yi tambayoyi huɗu. Ta farko, shin an faɗi dabarar da ake amfani da ita? Wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Dabarar MD5, wadda Ronald Rivest ya ƙirƙiro a 1991, an karya lagonta a 2004 lokacin da Wang Xiaoyun da abokan aikinta a ƙasar Sin suka samar da bayanai biyu mabambanta masu zane iri ɗaya. Haka aka yi wa SHA-1 a 2017 a hannun masu bincike na Google da cibiyar CWI ta Amsterdam. Bayanin da ya jera su ba tare da gargaɗi ba ya bar wakilin cikin haɗari.

Ta biyu, wane irin abu yake karɓa? Haruffa irin su ɓ, ɗ da ƙ ana ajiye su a kwamfuta ta hanyoyi daban-daban, kuma zanen da tsarin UTF-8 zai bayar ya sha bamban da na UTF-16. Ta uku, a wace siga sakamakon yake fitowa, domin a iya kwatanta shi da wani?

Ta huɗu ita ce mafi nauyi: yaushe ne bai kamata a yi amfani da shi ba? Wakilin da aka ce ya kulle wasiƙa yadda mai ita zai buɗe daga baya, idan ya yi mata hash ya goge asalin, wasiƙar ta tafi ke nan. Haka kuma SHA-256 ba ta dace da adana kalmar sirri ba, saboda saurinta yana ba ɓarawo damar gwada kalmomi masu ɗimbin yawa cikin ɗan lokaci. Don wannan aiki akan yi amfani da bcrypt ta 1999 ko Argon2 ta 2015, waɗanda aka tsara su yi nawa da gangan.

Malami zai iya gwada wannan a aji ba tare da kwamfuta ba. A ba ɗalibi bayanin kayan aiki shi kaɗai, a tambaye shi abin da zai saka, da abin da zai samu, da inda zai guje masa. Duk tambayar da ɗalibin ya amsa da zato, a nan ne bayanin yake buƙatar gyara.